Firji Biyu

A hawa na huɗu, a birnin Milwaukee,
firji biyu gare mu, kamfani ɗaya ya ƙera.
Na dama na liƙa masa koriyar takarda: kuɗin gwamnati.
Na hagu ja: kuɗin wata tsohuwa mai gidajen haya
da mijinta ya rasu bai tuna sunanta ba.
Aikina ke nan, ni Renata, shekara shida,
kada ludayin wannan ya faɗa tukunyar wancan.
Safar hannu, kwan fitila, ko da tawada,
sai na rubuta wa ya biya.

Abin da ake rigimar a kansa, na gan shi.
Bai kai ɗigon ƙarshen layin nan ba.
Kwana biyar da haɗuwa, ba kai, ba ƙafa,
'yan ƙwayoyi ne suka dunƙule wuri guda
kamar 'yan tsaki a daren sanyi.
Dakta Lindqvist ta matsa, ta ce, leƙa.
Na leƙa. Ban ga mutum ba.
Amma ban iya cewa ba kome ba ne.

Lahadi a gidanmu nake cin abinci.
Babana Tadeusz ya shekara talatin yana gyaran agogo,
yau miya ke ɓacewa tsakanin kwano da baki.
Hannun da ke ɗaukar ƙusa mai kamar ƙwayar gishiri
ya koma ganye a bakin iska.
Mama Halina ke share masa haɓa,
carbi a aljihu, takardun coci a jaka
masu cewa kada a ba da ko sisi.
Ta ce, ke ma haka kika fara, 'yar nan.
Da an fasa ki a kwana na biyar,
wa zai zauna a kujerar nan?
Na ce, Mama, waɗannan zubarwa za a yi.
Ta ce, kowa ma zubarwa za a yi.

A talabijin ɗan majalisa ya turo yaro a keken guragu.
Abokin hamayyarsa ya ɗaga jaririya
wadda ta yi shekara tara a ƙanƙara kafin a haife ta.
Aka tafa wa wannan, aka tafa wa wancan.
Yaron yana kallon takalminsa.
Jaririyar tana neman nono.
Baba ya ce, kashe.
Kada wanda ya ɗauki rawar hannuna ya yi tuta da ita.

Sai a wurin wanke-wanke, famfo na zuba,
Mama ta rage murya, ba ta dube ni ba:
Maganin nan naku, saura shekara nawa?
Na ce ban sani ba.
Ta daɗe tana cuɗa tukunyar da ta riga ta fita.

Akwai wata takarda da na ɓoye a aljihun tebur.
Matar da ta ba mu ragowar nata guda uku,
bayan ta samu tagwaye,
ta sa hannu inda lauya ya nuna,
ta ƙara a gefe da fensir:
Ku bi da su a hankali.
Ba gurbin wannan a littafina.

Daren da dusar ƙanƙara ta tsinke wayoyi,
ni kaɗai ce a hawa na huɗu.
Firji biyu suka yi kuka da murya ɗaya.
Soket ɗaya ke da wutar janareta,
kuma koriyar takarda ce a goshinsa.
Na durƙusa a duhu, tocila a baki,
na jona su duka biyun.

Da safe na buɗe littafin lissafi.
Awa bakwai na wuta.
Har yau layin nan fari ne.