Gurbi Biyu

Sun ba ni fom da biro da kuɗin mota,
suka ce kwana goma, ka ƙirgo mana Zariya.
Takardar gurbi biyu gare ta kacal:
mai aiki, marar aiki.
Na ce wannan ai shan ruwa ne.

Kwangila, rana ba ta gama wanke ido ba,
maza a tsugunne gindin gada,
kowa da shebur ko diga tsakanin gwiwoyi.
Na tambayi Barau, ya ce dakata tukuna,
in waccan tifa ta tsaya, ni mai aiki ne,
in ta wuce, rubuta abin da ka ga dama.
Tifa ta rage gudu.
Ta wuce.
Birona na sama, ya rasa masauki.

Zailani ya ɗauke ni zuwa Samaru a Keke.
Shekara biyar ya yi yana karantar ƙasa,
wadda ke son masara, wadda ke son dawa,
yanzu ramukan titi kawai yake karantawa.
Kwalinsa na leda ƙarƙashin kujera.
Kullum yana sauke ɗalibai
a ƙofar da ya fita da hular digiri,
mai Keke kuwa na jiran balas da magariba.
Ya ce sa ni inda ba za a yi mini dariya ba.

A Kwarbai maigida ya tare ni a zaure.
Iyali fa?
Ya ce a'a, ita ba ta aiki.
Ga riga rataye a ƙusa, aska takwas,
wata uku allurar Ladidi na hawa da sauka a wuyanta,
daga nan kuɗin makarantar yara ke fitowa,
har da na cefanen da ya riƙe a hannu.
Daga can ciki na ji dariya guda,
gajera, kamar an ciji zare.

Cikaji. Malam Dalhatu na kan benci
yana gadin injinan da suka yi shiru tun ina aji uku.
Da, in ji shi, jiniya na kaɗawa
sai kekuna su cika hanya har ka rasa wurin tofa yawu.
Yau tattabaru ne ke shiga aikin safe.
Shi na sa wa alama ba gardama:
mai aiki.
Duk unguwar shi ya rage.

Okwudili, shekara shida a shagon ubangidansa a Sabon Gari,
ya san kowane noti da sunansa,
bai taɓa ganin albashi ba, sallama yake jira.
Rifkatu ta Wusasa, dare a asibitin Shika,
rana kiret ɗin ƙwai, Asabar kitso,
ta ce gurbi ɗaya ya yi mini kaɗan, ƙaro biyu.
Wani mai tura kura a Tudun Wada,
jarka goma sha biyu, gumi har dunduniya,
ya ce da damina ni manomi ne a hanyar Giwa,
yanzu famfon da ya ƙafe shi ne ubangidana,
ranar da ya kawo ruwa, ranar aka kore ni.

Kwana goma suka cika ran Juma'a.
Na kai takardu ofis, gefensu duk ya yi baƙi
da abin da na rubuta inda ba a ce a rubuta ba.
Matar ta duba, ta ce na'ura ba ta cin wannan,
sannan kuɗinku sai an sa hannu daga sama.

Fom ɗaya ya rage a jakata.
Na zauna wurin mai shayi a PZ,
na rubuta sunana, shekaruna, unguwarmu.
Mai shayi ya leƙo yana fifita wuta:
Malam, da madara ko babu?
Na laluba aljihu.
Na ce dakata tukuna.