Layin Ofishin Lasin

Shekara tara na ja motar Minista,
baƙa wuluk, gilashinta kamar daren da ba wata.
Ban taɓa ganin takardunta ba.
Na buɗe aljihun gaba ya fi sau ɗari:
turare, carbi, maganin hawan jini,
amma rasit na haraji, ko na rantsuwa.
Lambarta kaɗai ta isa magana.
Mai kakin da ya ɗaga hannu zai tsayar da mu,
hannun kan zarce goshi ya koma gaisuwa.

Yau ga ni a Sabon Gari, a layin ofishin lasin,
tun masu ƙosai ba su ɗora kasko ba,
riƙe da takardun tsohuwar bas ɗina
mai tari daga Kwangila har Samaru.
A gabana Barau mai a-kori-kura,
ya sayar da buhun masara a kasuwar Giwa
don ya biya kuɗin hanyar da ta karya masa sifirin.
A bayana wata malamar firamare daga Gyallesu,
ta ƙirga kuɗinta sau uku, ba su haihu ba.

Ba su san ni ba. Gara haka.
Ni ne mai jiniyar da ta tura su gefen titi a Ɗan Magaji,
ni na watsa wa mai rake ruwan kwatami
ranar da muka zo ta'aziyya Ƙofar Doka, mota bakwai.
Ɗaya ta ɗauko shi. Ɗaya ta ɗauko jakarsa.
Ta ƙarshe iska ta ɗauko,
don kar a ce ayarin ya yi kaɗan.

Mai? Wa ya san farashinsa?
'Yar takarda ce, a sa hannu, a cika tanki.
Kuɗin tafiya ana biya ko yana kwance a falo.
Taya ba ta tsufa a gidan, sai dai ta yi ƙafa.
Wata rana muka faɗa rami kusa da gadar Kubanni,
shayi ya zube masa a babbar riga,
ya ce, "Wai mutanen nan ba sa biyan haraji ne?"
Na ce, "Ranka ya daɗe."
To me zan ce? In baki ya ci, ido kan ji kunya.

Da aka sauke shi, motar ta bi shi gida,
an yi mata kuɗin tsohuwar akuya.
Ni kuwa, yadi biyar na shadda da "Allah ya sa mu gana."

Layi ya kawo ni taga.
Lantana ba ta ɗago ba, ta ce, "Baba, an ƙara."
Na juye aljihu, na juye hula,
ɗari biyar ta ƙi fitowa.
Sai ga jiniya a waje, tana tsaga titi.
Kowa ya waiga, ni ma na waiga.
Yaro ne a sitiyari, gemu bai tsiro ba,
ya ɗaga haɓa, hannu ɗaya a taga.
Na san zaman nan. Nawa ne.
Na so in ce masa kujerar aro ce,
amma ni ma da an faɗa mini, da ban ji ba.

Da na juyo, ga ɗari biyar a kan kanta.
Malamar na duban rufi kamar ba ita ba.
Lantana ta buga hatimi.

Na ninke takarda na sa a aljihun gaba,
inda ya kamata a ce tasa ta zauna.
Na ɗebi fasinja goma, na kama hanyar Samaru.
Ramin nan yana nan inda muka bar shi,
ya ƙara faɗi, ya yi ruwa.
Na rage gudu, na shiga da bisimilla,
tunda ni dai na biya kuɗinsa.