Sakatar Tifa

Kwana goma sha tara ke nan
ƙafata ba ta taɓa ruwan Binuwai ba.
Daga zauren nan na Lofere
ina jin tifa tana hawan gadar Garwa.
Ta Alhaji Bobbo ce, na gane ta da tarin da take yi,
na kuma san wani ne ya cika ta da shebur ɗina.

Ba dorina ce ta kama ni ba,
ko da yake haka yaran unguwa ke faɗa,
ni kuwa ban ƙaryata su ba.
Murfin bayan mota ne.
Sakata guda mai tsatsa, da muka ɗaure da waya tun damina,
kowa na cewa gobe a kai ta walda.
Goben ta zo ranar Laraba bayan azahar,
ta sauka a kan tsintsiyar hannuna.

Ba zafi na fara ji ba, ƙara ce,
kamar an taka busasshen kara.
Na tsaya ina duban yatsuna
sun juya suna kallon inda ba su saba ba.
Hamajoda na salati,
yashi na ci gaba da zuba, ba ruwansa.

Alhaji ya zo asibiti, ba zan ci haƙƙinsa ba.
Ya biya kuɗin hoto,
ya tura jaka goma ta sefa ƙarƙashin matashi,
ya ce ƙaddara ce.
Na ce ƙaddara ce.
Amma mai walda na nan a Yelwa, ɗari biyar yake karɓa.
Wannan a cikina na faɗa.

Likita ya ce wata uku.
Mai ɗori ya ce kwana arba'in, in na kiyaye.
Buhun masara da ke bayan ƙofa
ya ce sati biyu.

Yanzu hagu ce ke riƙe da gidan.
Shekara talatin da bakwai ina raina ta,
ban ba ta loma ba, ban ba ta gaisuwa ba,
ga shi ita ke ɗaukar buta.
Ba ta iya ɗaurin tazuge ba tukuna.
Asta ke ɗaura mini, idonta a ƙasa,
tana zancen tsadar man gyaɗa
don kada mu ji shirun.

Da dare hannun yakan yi aiki ba tare da ni ba.
In nutsa da bokiti, in taso, in juye a kwalekwale,
in farka kafaɗata na rawa
gumi ya jiƙa tabarma.

Ran Juma'a Hamajoda ya shigo da ƙullin leda.
Karo-karo ne, in ji shi, kowa da ɗari ɗaya,
har yaron nan ɗan Lagdo da muka yi faɗa kan layi.
Kuɗin a jiƙe suke, da yashi a jikinsu.
Na shanya su a kan faranti
na ce hayaƙin murhu ne ya shiga idona.

Jiya ƙaiƙayi ya taso a ƙarƙashin ɗori,
na bi shi da tsinken tsintsiya,
sai babban yatsa ya motsa.
Kaɗan, kamar kan ƙadangare.
Na kira Dija ta zo ta shaida,
ta ce, Baba, sake, ban gani ba.
Ya ƙi.

Da safen nan na ware ɗari biyar cikin na farantin,
na ba ta, na kwatanta mata rumfar mai walda.
Asta ta ce kuɗin cefane ne fa.
Na sani.
Amma yaron Lagdo ne ke tsayawa yanzu a bayan motar,
daidai inda nake tsayawa,
kuma wayar tana nan.