Takalmin Koci Hambali

A bakin filin Aboabo nake ɗinki,
basilla a hannu, zare a baki,
shekara ashirin da ɗoriya ƙarƙashin darbejiya.
Ƙwallo ta fashe, a kawo mini.
Takalmi ya yi hamma, a kawo mini.

Wata Laraba ya iso,
dogon Bature, furfura har gira,
yana jan ƙafar hagu kamar ta ci masa bashi.
Ya ce sunansa Anibal.
Harshen Zango bai iya wannan dako ba,
kafin la'asar ya koma Hambali.

Ya kwance leda, ya fito da takalman ƙwallo,
baƙaƙe, fatar ta yi laushi kamar kunnen akuya.
Ba ya jin Hausa, ba na jin yarensu,
amma fata ba ta neman tafinta.
Na kifa su a cinya, na karanta:
ƙusoshin sun cinye ta gefe guda,
wannan mutum a tsakiyar fili ya yi zamansa,
mai lamba biyar, mai share wa wasu hanya,
wanda ba a kiran sunansa sai ranar da ya yi kure.
Na hagu kuwa bai gama tsufa ba,
an ajiye shi da sauran tafiya a jikinsa.

Na ɗaga kai. Ya naɗe wando, ya nuna gwiwa:
ɗinki goma sha ɗaya,
aikin wani baduku mai farar riga a Rosariyo.
Ban yaba aikin ba. Na dai yi shiru.

Sauran labarin daga bakin Mumuni na ji,
yaron da ke riƙe masa allo:
da gwiwa ta ƙi, sai ya rataya usur.
Ƙungiya bakwai ya horar,
shida suka sallame shi,
ta bakwai ta rushe da albashinsa a ciki.
Sau ɗaya ya ɗaga kofi, ana tsuga ruwa,
wata takwas bayan haka
kafaɗun da suka ɗauke shi
su suka raka shi tasha da jifa.
Koci ɗan haya ne, in ji shi,
jakarsa ba ta nisa da ƙofa.

Aiko shi aka yi Kumasi ya zaɓo yaro ɗaya.
Ya tarar da arba'in, rabinsu ba takalmi,
biro ya ƙi rubutu.
Damina uku ke nan.

Kullum kafin Lantana ta sauke tukunyar koko
ya ja layi da toka, ya dasa duwatsu.
Hausarsa duka ba ta wuce cikin cokali ba:
ɗaga kai,
ba shi,
a hankali.
Da ita yake juya yara kamar mai tuƙa tuwo.

Yana da wani ganye da yake zuƙa a ƙoƙo
ta bututun ƙarfe. Ya miƙo mini, na kurɓa,
shuwaka ta san da yayanta.
Na ɓara masa goro, ya tauna, ido ya kawo ruwa.
Muka tashi kunnen doki.

Kwana biyu na yi kan takalman.
Ya ajiye sidi ashirin, na tura masa abinsa.
Ashe ba don ƙafarsa ba ne.
Gariba, ɗan mai wake da shinkafa,
shi aka kira gwaji Ankara.
Takalmi ya yi masa yawa,
muka cusa tsohuwar jarida a baki,
ya rataya su a wuya, ya hau mota a Kejetiya.

Yau kwana tara, waya ba ta yi ƙara ba.
Hambali na zaune a bencina da silifa,
yana murza gwiwa, yana duban gabas.
Ya ce za a yi ruwa.
Sama fes take, amma na fara tattara kaya.