Kibiyar da Ban Zana Ba

Malam Jonwe ya raba takardu ranar Talata,
tawa ta zo da jan biro kamar an yanka kaza a kanta.
Biyu cikin ashirin. Na ninke ta huɗu,
na cusa ta ƙasan jaka, ƙarƙashin ƙosan da ban ci ba,
na tako har gida da ƙafa cikin ranar Garwa.

Tambayar ba ta da tsawo.
Babbar mota ce, mita ashirin take ci a daƙiƙa,
direba ya taka birki, daƙiƙa biyar ta tsaya cik.
A nemo ragin gudunta, a mayar cikin ƙa'ida a gwada.
Na ce wannan ai tuwon gidanmu ne,
ni 'yar direban auduga, wa zai koya mini tsayawa?

Na sami huɗu, na manna mata alamar ragi,
har nan ƙafata na kan hanya.
Sai zuciya ta ce, ai rage gudu ake yi,
ƙara wata a jikin ƙa'idar, miya ta ji gishiri.
Ragi ya gamu da ragi, suka haifi tarawa.

Motar da za ta tsaya a bakin gadar Binuwai
sai ga ta da arba'in a takardata,
ta haye shingen jandarma,
ta watsar da tiren masu gasa kifi,
awaki suka fantsama cikin ruwa.
Malam ya rubuta a gefe da ƙananan haruffa:
"Dijatu, kin kashe kowa."

Washegari ya tsaya gaban allo, alli a bayan kunne.
"Kafin lamba, kibiya. Ina ne gabanku? Ku zaɓa.
Lissafi bai san kudu ba, bai san arewa ba,
inda kuka nuna shi ne gaba, akasinsa baya.
Ku bar ƙa'ida yadda take. Lamba ke ɗaukar alamarta,
sau ɗaya tak, kamar kuɗin rumfa a kasuwa."

Da dare Baba Sali na kan tabarma,
yana shafa man zafi a gwiwarsa ta dama.
Na ce, Baba, in ka taka birki ina yake jan ka?
Ya ce, "In na nufi Ngaundare da kaya,
auduga na tura ni kudu, birki na riƙo ni arewa.
In na gangaro dutsen nan zan dawo,
mota na son arewa, shi kuma ya ja ni kudu.
Ƙafa ɗaya, ƙarfe ɗaya,
shekara ashirin da shida ina takawa."

Na yi shiru, fitila na tara ƙwari.
In kudu ne gaba, a tafiya birki ragi ne,
a dawowa gudun ne ragi, birki ya zama ƙari,
ƙarin da ke tsayar da mota!
Ashe alamar ba ta ce sauri ba, ba ta ce sannu ba,
gefen da ake ja kawai take faɗa.
Mota na lafawa ne in alamun biyu suka saɓa,
in bakinsu ya zo ɗaya sai gudu ya yi ta hauhawa.

Na ce, to kai, Baba, ina ne gabanka?
Ya rufe kwalbar mai, ya yi hamma.
"Ni ko na ba garin nan baya, gida ne gabana."

Na ciro takardar, duk ta sha man ƙosai,
na zana kibiya tana kallon ƙofarmu.
Gudu ya zama ragin ashirin, birki ƙarin huɗu,
na ninka da biyar, na haɗa: sifili.
Motar ta tsaya taku uku kafin gada,
masu kifi ko ɗaga kai ba su yi ba, suna ta gasawa.