Bayan Ƙarfe Ya Yi Shiru

Hamidan, ajiye shayin nan ka saurara,
tunda gobe kai ne a kan sitiyari
daga Gadarif har Madani da lodin riɗi.
Tuƙi ka iya, ba shi zan koya maka ba.

Akwai shirun da ke sauka bayan ƙarfe ya daki ƙarfe,
har kana jin riɗi na tsiyaya
daga yagaggen buhu zuwa kan kwalta.
Cikin shirun nan, kashe inji.
Zare makulli kafin ka ce uffan,
ban da Innalillahi, ita ba ta jiran izini.

Shafa jikinka. Motsa yatsu cikin takalmi.
Jini mai ɗumi maƙaryaci ne,
zai ce lafiya lau, alhali haƙarƙari ya tsage.
Sai ka kira mutanenka da sunayensu.
Mai ihu yana da numfashi, bar shi tukuna,
nemi wanda bai amsa ba.

Tura mai ƙafa ya koma baya taku ɗari,
ya jera duwatsu, ya karyo reshen ƙaya,
in dare ne ya kaɗa tocila.
Motar da ke tafe ba ta san kun faɗi ba.
Na ga haɗari ɗaya ya haifi uku a kusa da Fawo
kafin tayar farko ta daina juyawa.

Inda jini ke zuba, yagi jallabiyarka ka danne.
Ka danne, kar ka ɗaga don leƙe.
Ko ya haɗa ka da Allah kar ka ba shi ruwa,
jiƙa masa leɓe kawai.

Matso nan.
Wanda ya ce wuyansa, ko bayansa,
ko ya ce ƙafafunsa sun tafi sun bar shi,
kar ka ja shi.
In ba wuta ka gani ba, kar ka ja shi.
Ka san Siddiku mai goro a bakin tasha,
wanda ke tura kekensa da hannu?
Shekara sha tara baya, yaron motata ne.
Ni na zaro shi ta taga da hannayen nan,
ina kuka, ina jin na yi jarunta.
Likitan Madani bai zage ni ba.
Ya dubi hoton ƙashi, ya dube mu,
ya ce, wa ya ɗaga shi?
Har yau Siddiku da fara'a yake gaishe ni,
da ma mari yake yi, da na huta.

Ɗaya direban zai fito ido jajir,
yana "ya zol, ya zol", yana nuna ka da yatsa.
Tsoro ne ya sa rigar faɗa.
Tambaye shi ko nasa sun tsira.
Kar ka rantse laifinka ne, kar ka rantse nasa ne,
ɗauki hoton taya, da lamba, da sawun birki,
ka bar awo ga 'yan sandan hanya.
Kuma kar ka gudu.
Wanda ya gudu daga mota, motar na binsa har kan shimfiɗa.

Je asibiti ko ƙwarzane babu.
Karɓi takarda, ninke ta cikin hula.
Ka kira Inna Zulai da bakinka
kafin labari ya riga ka shiga unguwa da ƙafa takwas.
Fara da "ni ne", sannan sauran.

Riɗin da ya zube kuwa, bar wa kurciyoyi,
mai kaya zai yi faɗa ya gaji.

To, sha shayinka, ya huce.
Da asuba ka biya ta wurin Siddiku,
ka sayi goron hanya.
Kar ka karɓi canji.