Ƙugin Tsohuwar Fanka

A hawa na huɗu, can saman kogin Douro,
inda ruwan sama ba ya gajiya da bugun taga,
nake da ɗaki, in ɗaki za a kira shi:
ma'ajiyar tsintsiya ce da guga
kafin in kore su in shigo da jita.

Shekara talatin da ɗaya ina gyaran agogo a Porto.
Kunnena ya san ciwon ƙarfe tun bai yi kuka ba.
Yanzu da na aje aiki, sai dare ya raba
in tsayar da agogunan gidan ɗaya bayan ɗaya,
in kashe firji, in rataye bargo uku a ƙofa,
in roƙi tsuntsayen teku su yi mini kara.

Saura kwamfuta.
Tsohuwa ce, ta girmi jikata Benedita,
fankarta na ƙugi kamar mai fama da mura.
Na lulluɓe ta da tawul, ta ɗau zafi ta suma.
Na ja ta zuwa baranda, waya ta gaza.
Haka na haƙura na naɗi waƙar,
ni da tsirkiya goma sha biyu da ita.

Ran Alhamis muke haɗuwa a shagon kofin Ermelinda,
mu huɗu, babu wanda kiɗa ya taɓa ciyarwa.
Telmo direban tasi ya saurara ido rufe,
ya ce, "A minti na biyu ka yi sauri kamar an biyo ka bashi."
Ermelinda ta ce muryata ta ɓuya a bayan jita.
Fausto kuwa, mai kunnen jemage,
ya zare abin sauraro ya aje kan tebur:
"Wa ke niƙa a gidanku da tsakar dare?"

Na yi dariya tare da su. A hanyar gida ban yi ba.

Wata biyar ina tara yuro a gwangwanin shayi.
Na sayo sabuwa, 'yar mitsila, ba ta kai burodi ba,
ba fanka, ba numfashi, ko tari ba ta yi.
Yaron shagon ya lissafa mini kayan cikinta,
na gyaɗa kai kamar na gane.
Na sake naɗa. Sau goma sha tara.
Na goge kowane tsaki, na daidaita kowane bugu,
har waƙar ta fito fes, kamar ɗakin tiyata.

Alhamis ta zo.
Telmo ya ce minti na biyu ya zauna daram.
Ermelinda ta ce yanzu tana jin kowace kalma,
sai ta tashi ta hau goge kofin da ba shi da datti.
Fausto ya daɗe yana juya cokali.
"Custódio," ya ce, "ba aibi ko ɗaya.
Amma a waccan akwai mutum a ɗaki, cikin dare,
da wani abu na taya shi zama.
A wannan ban san inda kake ba."

"Kai fa ka ce ana niƙa!"
"Na ce. Ban ce a kori mai niƙan ba."

A daren na jawo tsohuwar daga ƙarƙashin gado,
na share mata jiki, na jona ta.
Ta yi tari biyu, ta kama ƙuginta.
Na ɗauki jita ina laluben amon, tsirkiya bayan tsirkiya,
ashe tun farko a kan muryarta nake ɗaure su
ban sani ba.

Na aro makirfon Benedita na kafa mata nata.
Sabuwa tana naɗa, tsohuwa tana amshi.
Firji dai na kashe shi, shi bai iya ba.
Agogon kicin ne na manta,
ya shigo a baitin ƙarshe, ya makara da rabin bugu.
Fausto zai ji shi.
Na bar masa.